Gidan kallon da ake nuna hokin ƙanƙara a Sakkwato: ga yadda na gan shi

Mutane da yawa sun yi ta tambayata a kan wanga gidan kallo na wajejen Mabera da ake cewa shina nuna wasan hoki na kan ƙanƙara da tsakar dare, wasu ma ɗauka sunka yi wasa nake, wai mu da ƙanƙarar pure water ma sai mun sayo ina mu ina wasan kan ƙanƙara. To da gaske ne, akwai shi, kuma na zamna cikinsa dare da dama tun daga hunturu har zuwa cikin bazara, don haka bari in faɗi abin da na gani, mai daɗi da marar daɗi. Ba zan kama sunan gidan ba don akwai ƙorafi a cikin maganata kuma mai gidan mutumin kirki ne, wanda ya san unguwar ya san wurin.

Asalinsa gidan kallon ƙwallo ne kamar kowane, Premier da La Liga da Champions League, rumfar kwano da benci da manyan talabijin biyu. Abin da ya kawo hoki shi ne wani malamin jami'a da ya yi karatu a Ontario ta Kanada, kowa Dakta yake ce mishi, shi ne ya shawo kan mai gidan cewa idan an tashi ƙwallo a bar mishi talabijin ɗaya ya jona kwamfutarsa, shi zai biya kuɗɗin rajistar kallon, mu kuma mu haɗa na data da na mai. A hankali mutane sunka fara tsayawa don ganin ƙwaf, yanzu akwai kamar mutum goma sha wani abu da ba su fashi, daren Asabar kuma sukan fi haka. Kuɗɗin shiga naira ɗari biyar ne, kuma ni ban ga tsada ba idan ka duba farashin fetur da cewa janareta zai yi ta aiki har kusan uku na dare.

Matsala ta farko da ya kamata kowa ya sani kafin ya ɗauro niyya ita ce lokaci. Wasan da anka fara ƙarfe bakwai na yamma a Toronto ta Kanada, nan sha biyun dare ne daidai, idan kuma sun mayar da agogonsu baya daga Nuwamba zuwa Maris sai ya koma ƙarfe ɗaya. Wasan kashi uku ne, kowane minti 20, amma agogo shina tsayawa duk lokacin da anka busa, ga hutu biyu a tsakani, don haka ka ware awa biyu da rabi. Idan kulob ɗin Toronto ya tafi yammacin ƙasar, Vancouver ko Edmonton, to daga gidan kallo sai masallaci kawai. Wanga ba laifin mai gida ba ne amma dai ka san da shi, kuma ka zo da abin hawanka don samun kabu-kabu ƙarfe uku na dare sai an dace, 'yan sintiri kuma za su tsayar da kai su tambaye ka daga ina, ka ce daga kallon hoki, su haska maka tocila a fuska su sake tambaya.

Ta biyu kuma wadda ta fi ci mini rai, hoton. Ƙwallon hoki ba ƙwallo ba ce mai girma, 'yar baƙar roba ce mai faɗin inci uku da kaurin inci ɗaya, daskarar da ita ake yi kafin wasa don kar ta riƙa tsalle, kuma idan anka maka mata sanda gudun da take yi ido ba ya bi. A talabijin mai kyau da intanet mai ƙarfi ma sai ka saba, balle a nan da hoton ke dishi-dishi duk lokacin da netwok ya yi ƙasa. Sau da yawa ba ganin cin muke yi ba, jan fitilar bayan raga muke gani da ƙarar ƙahon filin sannan mu tashi mu yi ihu, sai an maimaita a hankali mu ce au ashe ta nan ta shiga. Wanda ke benci na huɗu zuwa baya gaskiya kuɗɗinsa kawai ya bayar ya kalli mutane suna zamiya. Mun yi wa mai gida magana ya matso da talabijin ɗin ƙasa ko ya sa na'urar intanet ɗin waje inda ta fi kamawa, kullum amsarsa ɗaya, "Ku yi haƙuri samari, ana nan ana shiri." Har yau ana shirin. Sannan idan wuta ta ɗauke, kafin yaron gidan ya farka ya ja janareta an yi minti biyar, a hoki kuwa minti biyar ana iya cin ƙwallo uku.

Fanka biyu ce kawai ke aiki. Da hunturu ba damuwa, har ma da daɗi, kana lulluɓe da bargo kana kallon ƙanƙara. Amma wasannin neman kofi daga tsakiyar Afrilu suke farawa zuwa Yuni, wato daidai lokacin da Sakkwato ke tafasa, kwanon rumfar bai gama hucewa ba har tsakar dare, kana zufa kana kallon mutum ya sa riga a kan riga da safar hannu. Mai shayin ƙofar gidan dai ya cancanci yabo, ba ya tashi sai mun tashi, shayinsa da kauri, indomi da ƙwai ba ya ha'inci, kuma shina ba da bashi.

To in haka ne mi ya sa nake komawa? Saboda musun. Wallahi musun da ake yi a rumfar nan shi ne abin da kake biyan ɗari biyar a kai, kuma shi ne ba za ka samu ba idan ka kwanta a ɗaki kana kallo a waya.

Dakta ɗan Toronto Maple Leafs ne na gani-kashe-ni, kuma tunda kwamfutarsa ce, wasansu ake nunawa kusan kullum, da haka ya mayar da yawancinmu 'yan Toronto ba tare da mun san irin wahalar da munka saya ba. Wanga kulob shina cikin mafi kuɗɗi da yawan magoya baya a duk gasar NHL, wato babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, ya ɗauki kofin gasar da ake kira kofin Stanley sau 13, Montreal ce kawai ta fi shi da 24, amma na ƙarshe da ya ɗauka a watan Mayun 1967 ne. Ku tsaya ku auna wannan. Lokacin kulob shida ne kacal a gasar, yanzu 32 ne. Lokacin Gowon bai ma ƙirƙiro jihohi 12 ba sai ƙarshen wannan watan, wato Sakkwato ba ta zama hedkwatar Jihar Arewa maso Yamma ba, ana kashe fam da sule, Sarkin Musulmi Abubakar na uku na kan karaga. Tun daga nan ko wasan ƙarshe ba su sake zuwa ba. Akwai wani tela a cikinmu ɗan Arsenal, ranar da ya ji wanga tarihi sai ya dafa kai ya ce, "Dakta kai ko mi na yi maka? Ina da ciwo guda ka ƙara mini na biyu."

Abin da ya sa ciwon nasu ya fi zafi shi ne ba wai ba su iya wasa ba ne. A wasannin kaka, kafin a shiga neman kofi, sun sha yin kyau ƙwarai. Auston Matthews, wanda sunka ɗauka na ɗaya a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2016, ranar wasansa na farko ƙwallo huɗu ya ci, a kakar 2023 zuwa 2024 ya ci 69, kuma abin da ke burge mutanen rumfarmu shi ne a Arizona ya tashi, ƙasar hamada da zafi, don haka ake mishi kirari da ɗan garinmu. Ga William Nylander, ga John Tavares, ga Mitch Marner lokacin da shina nan. A kakar 2024 zuwa 2025 su ne sunka zo na ɗaya a rukuninsu. Amma da an shiga zagayen neman kofi, inda ake buga wasa har bakwai da kulob ɗaya wanda ya fara cin huɗu ya wuce, sai ka ga kamar an canza mutane. Daga 2004 sai 2023 sannan sunka sake tsallake zagayen farko, da sunka fitar da Tampa Bay. A 2013 suna gaban Boston da ci 4 da 1 a kashin ƙarshe na wasa na bakwai, anka farke duka anka cinye su 5 da 4. A 2021 suna gaban Montreal da wasa uku da ɗaya, sunka bari anka juye su. Boston ta sake fitar da su a wasa na bakwai a 2018 da 2019 da 2024. Dakta shina jero waɗannan shekaru kamar mai karanta sunayen mamatan gidansu, ba ya tuntuɓe ko ɗaya.

Na 2025 kuwa a rumfar munka gan shi da idonmu. Sun ci Florida wasa biyu na farko, Dakta har ya saya wa kowa shayi, daga nan abu ya fara lalacewa, anka je wasa na bakwai a gidansu Toronto ranar 18 ga Mayu, Florida ta zuba musu 6 da 1. Magoya baya sunka riƙa yi musu ihu suna jefa rigunan kulob cikin fili, wanda a al'adarsu shi ne ƙarshen nuna fushi, kamar ka ce na yafe ku. A daren nan rumfa ta rabu biyu kuma har yau ba ta haɗu ba.

Ɓangaren Dakta sun ce matsalar lissafi ce. A NHL akwai iyakar kuɗɗin da kowane kulob zai kashe kan albashi, a kakar dala miliyan 88 ne, ba kamar ƙwallon Turai ba da mai kuɗɗi zai saye kowa. Toronto ta zuba fiye da rabin wannan a kan mutum huɗu, kuma dukansu 'yan gaba ne, sai ya zama abin da ya rage wa 'yan baya da gola da sauran 'yan wasa kaɗan ne. Hoki kuwa ba wasa ba ne da tauraro zai yi minti casa'in a fili, mutum shida ne a kowane ɓangare har da gola, kuma ana canza su ana cikin wasa, mutum ya yi kamar daƙiƙa arba'in zuwa minti ɗaya shina gudu iya ƙarfinsa ya tsallake katanga ya zamna wani ya shigo, don haka ko Matthews kusan kashi ɗaya cikin uku na wasan kawai yake yi a kan ƙanƙara. Sauran lokacin su wa ke ciki? Waɗanda anka saya da canji.

Ɗaya ɓangaren, wanda wani tsohon ɗan dambe da yanzu ke sayar da kayan gyaran babur ke jagoranta, sun ce ba lissafi ba ne, zuciya ce. Shi a ganinsa 'yan Toronto 'yan gayu ne, suna da hannu amma ba su son a taɓa su, Florida kuwa ta zo da mutane masu bugu da kafaɗa da tsokana irin su Brad Marchand da Sam Bennett, waɗanda za su matse ka jikin katanga har ka manta inda ƙwallo take. Cewa yake, "Yallaɓai Dakta ka bar zancen dala, wanga yaro in an zo wasa na bakwai idonai na nuna tsoro, ni na san mai tsoro tun daga tsayuwatai." Dakta ya ce to ai an kawo koci mai zafi, Craig Berube da ya ɗauki kofi da St. Louis a 2019, kuma an kawo 'yan baya masu jiki, mi ya hana? Sai ya ce koci ba ya shiga fili.

Ni dai na fi karkata ga Dakta amma ba duka ba. Lissafin albashin gaskiya ne, sai dai akwai abu na uku da ba su cika tsayawa a kai ba, wato garin kansa. Toronto gari ne da ake kwana ana tashi da maganar kulob ɗaya, 'yan jarida da gidajen rediyo ba su da aiki sai tsinkar kowane kuskure, kuma 'yan wasan sun san duk wanda ke kallonsu jira yake su faɗi. Marner ɗan yankin ne, tun shina yaro yake son kulob ɗin, ya yi maki 102 (ƙwallon da ya ci da wadda ya taimaka anka ci) a kakarsa ta ƙarshe a Toronto, amma shi anka fi zagi, daga ƙarshe ya tafi Vegas a kan dala miliyan 96 na shekara takwas. Shugaban kulob ɗin Brendan Shanahan ma ba a sabunta mishi kwantiragi ba bayan wannan kashin. Tavares kuwa, wanda anka karɓi kyaftin daga hannunsa anka ba Matthews a 2024, ya yarda ya zamna a kan ƙasa da rabin albashinsa na da, wannan kam ko ɗan damben ya ce namiji ne. Wani abin kuma da ko a talabijin ɗinmu mai dishi-dishi ana gani, kujerun gaba-gaba a filinsu na Scotiabank Arena sau da yawa wayam suke idan an dawo hutu, saboda tikitin ya yi tsada sai manyan kamfanoni ke saye su ba baƙinsu, masu kwat suna can suna cin abinci, masu son kulob ɗin na gaskiya suna tsaye waje a dandali cikin sanyi suna kallo a majigi.

Wanda ke neman abin dariya ya roƙi Dakta ya ba shi labarin David Ayres, ba ya so amma zai bayar. A Fabrairun 2020 gololin Carolina biyu duk sunka ji rauni a wasa da Toronto, sai anka ɗauko golan ko-ta-kwana na filin, mutum mai shekara 42 da ke tuƙa motar gyaran ƙanƙara, wanda ma'aikacin ɓangaren Toronto ɗin ne ma, ya sa kaya ya tsaya wa Carolina a raga, kuma Toronto ta sha kashi 6 da 3. Duk sabon zuwa sai an ba shi wanga labari kafin a ba shi wurin zama.

Sunan da ke haɗa kan rumfar kuwa shi ne Nazem Kadri. Musulmi ne ɗan asalin Labanan, Toronto ce ta ɗauke shi a 2009, ya yi shekaru a can, sai anka dakatar da shi a wasannin neman kofi shekara biyu a jere saboda mugun bugu, kulob ya gaji ya tura shi Colorado a 2019. A 2022 ya ɗauki kofin Stanley da Colorado, ya zama Musulmi na farko da ya ɗauka, kuma da yake al'ada ce kowane ɗan wasa a ba shi kofin ya wuni da shi, shi sai ya kai shi masallacin garinsu London ta Ontario. Ɗan damben kan ce kun gani, mai zuciyar guda ɗaya da kuke da shi kun kore shi. A nan ma na fara jin cewa ɗan Najeriya na farko da ya buga NHL, Rumun Ndur, a Zariya anka haife shi, kuma Jarome Iginla da ya daɗe shina kyaftin ɗin Calgary mahaifinsa ɗan Najeriya ne.

A kan bayani dole in yaba wa gidan, ko in ce Dakta. Sabon zuwa ba a barinsa cikin duhu. Za a nuna maka mi ya sa anka kai mutum wani ɗan keji ya zamna minti biyu kulob ɗinsa na wasa da mutum huɗu ban da gola, wanda shi ne lokacin da ake yawan cin ƙwallo, da mi ya sa mutum biyu za su jefar da safar hannu su dambace rafali na tsaye shina kallo sai sun faɗi sannan ya raba, hukuncin kuma minti biyar ne kawai. Za a gaya maka dalilin da kulob ke cire gola a minti na ƙarshe ya bar raga wayam don ya ƙara ɗan gaba. Da gemun da 'yan wasa ke bari ba aski har sai an fitar da su, da layin gaisuwa da ake yi bayan an gama wasannin, mutanen da sunka yi mako biyu suna fasa wa juna baki su jeru suna musabaha ɗaya bayan ɗaya. Wannan na ƙarshe ya burge dattawan cikinmu sosai. Sai dai Dakta in ya fara bayani ba ya sanin an dawo wasa, sai an ce mishi Dakta don Allah a bari sai hutu.

Ƙorafina na ƙarshe, kuma shi nake so mai gida ya ji, gidan ya zama kamar na Toronto kaɗai. Ranar da anka fitar da su a 2025 Dakta ya yi fushi ya ɗauke kwamfutarsa, sai da anka bi shi gida da roƙo sannan munka samu kallon wasan ƙarshe tsakanin Florida da Edmonton, inda Connor McDavid yake, mutumin da kowa ya yarda babu kamarsa a gudu da sarrafa sanda. Edmonton ta je wasan ƙarshe 2024 da 2025 duk Florida ta doke ta, kuma tun Montreal a 1993 har zuwa 2025 babu kulob ɗin Kanada da ya ɗauki kofin. Akwai yara uku a rumfar da sunka koma Edmonton kuma suna biyan ɗari biyar ɗinsu kamar kowa, bai kamata kallonsu ya dogara da ko ran Dakta na da daɗi ba. Mai gida ya yi rajistar da sunan gidan, a ƙara mana ɗari ko ɗari biyu za mu biya, a riƙa rubuta wasannin mako a allo kamar yadda ake yi wa Premier.

In za ka gwada, ka zo daren Asabar wayewar Lahadi, ranar ce anka fi cika kuma kusan kullum Toronto na da wasa. Ka yi barcin rana, ka iso da wuri ka kama benci na ɗaya ko na biyu ta hannun dama inda fanka ke aiki, ka zo da maganin sauro. Kuma kar ka ce kai ɗan Boston ne ko da wasa, tela ya taɓa gwadawa, mai shayi ya ce daga ranar bashinsa ya ƙare.